Yadda Ake Gano Tushen Matsalar Nuni da Direban Katin Hoto a Kwamfutar Linux

Baƙin allo bayan sabunta manhajoji, hoton da ke ƙyaftawa, kwamfutar da ta sandare ba ta jin linzami ko madannai, da monita ta biyu da ta ƙi kamawa, duk matsaloli ne da suka yi kama da juna a ido, alhali tushensu ya bambanta ƙwarai. Da yawa daga masu amfani da Linux, idan suka ci karo da ɗaya daga cikinsu, sai su goge tsarin su sake girka shi, su wayi gari matsalar ta dawo da zarar sabuntawar farko ta sauka. Abin da ya fi dacewa shi ne a fara gano matakin da laifin yake, domin kafin hoto ya bayyana a allo sai ya ratsa matakai da dama, kuma kowane mataki yana da nasa alamu da nasa magani.

A ƙasan komai akwai kayan ƙarfe, wato katin hoto da kebul da monita. A samansu akwai direban da ke cikin kanel, cibiyar tsarin da ke hulɗa kai tsaye da na'urori: `i915` da `xe` na Intel, `amdgpu` da tsohon `radeon` na AMD, sai `nouveau` ko `nvidia` na katunan NVIDIA. Daga nan sai Mesa, tarin manhajojin da ke aiwatar da OpenGL da Vulkan, wato ƙa'idojin da manhajoji ke bi wajen sa kati ya zana hoto, ga Intel da AMD, yayin da direban NVIDIA yake zuwa da nasa. Sannan sai sabar nuni, wadda ke raba wa kowace taga gurbinta a allo tana kuma isar da saƙon madannai da linzami. Sabar nan iri biyu ce a yau: akwai Xorg, mai bin tsarin X11 da ya fito tun 1987, akwai kuma Wayland, wanda Kristian Høgsberg ya fara a 2008. A ƙarƙashin Wayland babu wata saba mai zaman kanta. Mai haɗa tagogin ne yake ɗauke da aikin, wato Mutter a teburin GNOME ko KWin a teburin KDE Plasma, shi ya sa idan ya faɗi yakan tafi da manhajojin da ke buɗe.

Mataki na ɗaya: sami hanyar shiga

Ba a gyaran kwamfutar da ba a iya ba ta umarni. Idan allo ya yi baƙi ko ya daskare, danna Ctrl da Alt da F3 a tare. Idan rubutu ya bayyana yana neman suna da kalmar sirri, to ka riga ka koyi abu mai muhimmanci: kanel yana raye, katin yana iya fitar da hoto, don haka zato ya fi karkata ga sabar nuni ko abin da ke samanta. Ana komawa ga tebur da Ctrl da Alt da F2 ko F1, a wasu tsarukan kuma F7.

Idan wannan bai yi ba, danna Caps Lock ka duba ko fitilarsa tana kunnuwa, sannan ka gwada shiga ta SSH, hanyar ba kwamfuta umarni daga nesa, daga wata kwamfutar, in dai an kunna shi tun da farko. Kwamfutar da ke amsa SSH alhali allonta ya mutu ita ce mafi sauƙin bincike, saboda za ka karanta rahoto tun laifin yana da ɗumi. Idan babu ko ɗaya, sake kunna ta, ka riƙe Shift ko ka danna Esc don jerin zaɓin GRUB, shirin da ke tayar da tsarin, ya fito, ka danna `e`, ka nemi layin kanel, wato wanda ya fara da `linux`, ka ƙara `systemd.unit=multi-user.target` a ƙarshensa, sannan ka danna Ctrl da X. Tsarin zai tashi a rubutu zalla ba tare da ya taɓa sabar nuni ba. Idan ma hakan ya ƙi, maye gurbinsa da `nomodeset`, wanda ke hana direbobin hoto na kanel karɓar allo. Canjin da aka yi ta wannan hanya na tashi ɗaya ne kawai, ba ya zama.

Ya kamata a ja kunne a kan `nomodeset`, domin ana yawan ba da shi a matsayin magani. Ƙofar shiga ce kawai. Duk wanda ya rubuta shi dindindin ya kashe direban katinsa da hannunsa, kuma zai ga bidiyo yana sarƙewa, hasken allo ya ƙi raguwa, monita ta biyu ta ɓace.

Mataki na biyu: san abin da ke aiki

Kafin ka canza komai, rubuta bayanan na'urarka a gefe. A cikin tagar umarni ta tebur, `echo $XDG_SESSION_TYPE` zai gaya maka ko `wayland` kake kai ko `x11`. Umarnin `uname -r` yana nuna lambar kanel. Wanda ya fi su muhimmanci shi ne:

`lspci -nnk | grep -A 3 -E "VGA|3D|Display"`

A cikin abin da ya fito, nemi layin `Kernel driver in use`. Idan katin NVIDIA ne kuma ka girka direban kamfanin amma ka ga `nouveau`, to direban da ka girka bai hau ba. Idan layin babu shi kwata-kwata, to babu direban da ya karɓi katin. A laftof mai kati biyu za ka ga shigarwa biyu, kuma sai ka duba kowacce.

Bayan haka gudanar da `glxinfo -B`, wanda ke cikin fakitin `mesa-utils` a Ubuntu da Debian, ka karanta layin `OpenGL renderer string`. Sunan katinka ya kamata ya bayyana. Idan ka ga `llvmpipe`, ma'anarsa babbar ƙwaƙwalwar kwamfutar, wato CPU, ce ke zana hoton a madadin katin, kuma wannan kaɗai ya isa ya bayyana nauyin tebur da hayaniyar fanka.

Mataki na uku: karanta kundin rahoto

A nan ne mafi yawan amsoshi suke, kuma a nan ne mutane suka fi yin gaggawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne karanta rahoton tashin yanzu bayan an sake kunna kwamfutar, alhali laifin ya faru ne a tashin da ya gabata. Umarnin `journalctl -b -1 -k` yana nuna saƙonnin kanel na tashin baya, `journalctl -b -1 -p err` kuma yana tace kurakurai kaɗai daga dukkan tsarin. Danna Shift da G don zuwa ƙarshe, domin layukan da aka rubuta daf da daskarewar su ne abin nema. Idan `journalctl --list-boots` ya nuna tashi ɗaya tak, to ba a adana tsohon rahoto. Ƙirƙiri babban fayil ɗin `/var/log/journal` da izinin mai gudanarwa, ka sake kunnawa, ka jira matsalar ta sake faruwa.

Akwai saƙonni da ya kamata ido ya saba da su. A katin AMD, layi mai ɗauke da `ring gfx_0.0.0 timeout`, wanda `GPU reset begin` ke biyo baya, yana nufin an ba katin aiki ya kasa kammalawa cikin lokaci, direban kuma ya yi ƙoƙarin farfaɗo da shi. Ko da yake kanel ne ya rubuta saƙon, sau da yawa laifin daga Mesa yake ko daga wasan da ya aika umarnin, don haka ka duba sunan manhajar da aka ambata kusa da layin. A Intel kwatankwacinsa shi ne `GPU HANG`, kuma direban `i915` yana ajiye cikakken bayani a `/sys/class/drm/card0/error` ko `card1`, wanda dole a kwafe shi kafin a kashe kwamfutar, tunda yana ɓacewa. A NVIDIA kuwa saƙonnin suna farawa da `NVRM: Xid` da wata lamba. Lamba 79, mai cewa `GPU has fallen off the bus`, tana nufin katin ya daina amsawa baki ɗaya, kuma a irin wannan hali zafi ko ƙarancin wuta ko rashin zaman katin daidai a raminsa sun fi cancantar tuhuma fiye da manhaja.

Haka nan idan ka ga `failed to load firmware`, to direban ya rasa ƙananan fayilolin da yake loda wa katin kansa, kuma girka ko sabunta fakitin `linux-firmware` ne maganin. A Debian an rarraba shi gida-gida, misali `firmware-amd-graphics`.

Mai amfani da X11 yana da ƙarin kundi a `/var/log/Xorg.0.log` ko `~/.local/share/xorg/Xorg.0.log`. Layukan da ke ɗauke da `(EE)` kurakurai ne, masu `(WW)` gargaɗi ne, kuma yawancin gargaɗin ba su da illa, kada su ɗauke maka hankali. A Wayland babu wannan fayil, saƙonnin `gnome-shell` ko `kwin_wayland` suna cikin `journalctl`. Idan tebur yana jefo ka waje zuwa allon shiga, `coredumpctl list` zai nuna ko wanne shiri ne ya faɗi da kuma lokacin.

Mataki na huɗu: ware matakan da hoto ke ratsawa ɗaya bayan ɗaya

Ƙa'idar wannan mataki ita ce a canza abu ɗaya, a gwada, a rubuta sakamako, sannan a mayar da shi yadda yake idan bai yi amfani ba. Wanda ya canza abu uku a lokaci guda, ko da matsalar ta tafi, bai san abin da ya kore ta ba, kuma ya bar saituna biyu marasa dalili da za su dame shi nan gaba.

Fara da sauya sabar nuni. A GDM, allon shiga na GNOME, akwai alamar saiti a kusurwar ƙasa bayan ka zaɓi sunanka, a SDDM kuma, wanda aka saba gani tare da KDE Plasma, akwai jerin zaɓin zama. Idan matsalar tana Wayland amma babu ita a X11, ko akasin haka, ka taƙaita bincike sosai. Sai dai wannan gwaji yana ƙara wuya, saboda Plasma 6 ta mayar da Wayland zaɓin farko a 2024, Ubuntu 25.10 kuma ta cire zaman GNOME na Xorg. Inda babu zaɓin, girka wani ƙaramin tebur kamar Xfce na ɗan lokaci yana ba da amsa iri ɗaya.

Na biyu, buɗe sabon asusun mai amfani ka shiga da shi. Idan komai ya daidaita a can, to direba ba shi da laifi, saitunanka ne. A GNOME, ƙarin manhajojin da ake liƙa wa tebur su ne abin zargi na farko, kuma `gsettings set org.gnome.shell disable-user-extensions true` yana kashe su duka. Fayil ɗin `~/.config/monitors.xml`, inda GNOME ke ajiye jerin monitoci, shi ma yakan rikice. Sauya masa suna ya isa a sake gina shi. Idan kuma kana shigar da kalmar sirri allo ya yi duhu ya dawo da kai wurin shiga, duba abu biyu masu sauƙi kafin ka zargi direba: `df -h` don ganin ko faifai ya cika, da `ls -l ~/.Xauthority` don ganin ko fayil ɗin ya koma mallakar `root`.

Na uku, koma tsohon kanel. A GRUB, ƙarƙashin `Advanced options`, akwai waɗanda suka gabata. Idan tsohon yana aiki sabon ba ya yi, to ka kama koma-baya a kanel, kuma za ka iya ci gaba da amfani da tsohon har a gyara. Don sanin abin da ya sauya a ranar da matsalar ta fara, karanta `/var/log/apt/history.log` a Ubuntu da Debian, `dnf history` a Fedora, ko `/var/log/pacman.log` a Arch, ka nemi kanel da Mesa da direban NVIDIA da `linux-firmware`.

Idan manhaja ɗaya ce kawai ke ɓata hoto, tashe ta da `LIBGL_ALWAYS_SOFTWARE=1` a gaban sunanta. Wannan yana sa Mesa ta zana hoton OpenGL ba tare da katin ba. Idan ɓacin ya tafi, direba ne; idan yana nan, manhajar ce.

Gwaji na ƙarshe shi ne tashi daga filashi mai ɗauke da wani Linux na daban. Matsalar da ta bi ka har can, musamman ɗigo-ɗigo masu launi ko layuka da ke bayyana tun a allon BIOS kafin tsarin ya tashi, yawanci ta kayan ƙarfe ce, kuma in haka ne babu saitin da zai warkar da ita.

Mataki na biyar: abubuwan da suka keɓanta da NVIDIA

Direban kamfanin NVIDIA ba ya zuwa tare da kanel, don haka dole a samar masa sabon sashen da ake loda wa kanel duk lokacin da kanel ya canza, kuma mafi yawan baƙin allo bayan sabuntawa daga nan yake fitowa. Gudanar da `nvidia-smi`. Idan ya ce `Driver/library version mismatch`, an sabunta direban amma tsohon sashen ne ke aiki har yanzu, sake kunnawa kawai ake bukata. Idan ya ce ya kasa magana da direban, duba `dkms status` ka ga ko an gina sashen don kanel ɗin da `uname -r` ya nuna. Rashin fakitin `linux-headers` da ya dace shi ne dalilin da aka fi gani. Fedora tana amfani da `akmods` daga RPM Fusion, kuma ginin yana ɗaukar 'yan mintuna bayan sabuntawa, saboda haka wanda ya yi saurin kashe kwamfutar zai iya tashi babu direba.

Sai kuma Secure Boot, tsaron da ke hana loda abin da ba shi da amintaccen sa hannu. Idan `mokutil --sb-state` ya nuna a kunne yake, kuma `sudo modprobe nvidia` ya amsa da `Key was rejected by service`, to kanel ya ƙi sashen ne don ba shi da sa hannun da aka amince da shi. Lokacin girkawa akan nemi ka zaɓi kalmar sirri, a tashi na gaba kuma wani shuɗin allo ya fito yana neman a yi rajistar makullin. Mutane da yawa suna tsallake wannan allo don ba su san abin da yake nufi ba. Ana iya maimaita rajistar da `mokutil --import`, wanda ya fi kashe Secure Boot gaba ɗaya.

Ga mai son Wayland, `sudo cat /sys/module/nvidia_drm/parameters/modeset` ya kamata ya nuna `Y`. Idan `N` ne, ƙara `nvidia-drm.modeset=1` a layin kanel. Ƙyaftawar tagogi da ta daɗe tana addabar masu NVIDIA a Wayland ta ragu ƙwarai daga direba mai lamba 555 na 2024 haɗe da fito na 24.1 na Xwayland, shirin da ke gudanar da manhajojin X11 a kan Wayland, don haka mai tsohon direba ya fara da sabuntawa. Idan hoto yana lalacewa bayan kwamfuta ta farka daga barci, kunna `nvidia-suspend.service` da `nvidia-resume.service` tare da saitin `NVreg_PreserveVideoMemoryAllocations=1`. A ganina, kada a girka direban daga fayil ɗin `.run` na shafin kamfanin sai in babu makawa, domin yana rubuta fayiloli a bayan idon mai kula da fakitoci, kuma sabuntawa ta gaba takan tattake su. Tsohon `/etc/X11/xorg.conf` da `nvidia-xconfig` ya bari shi ma yakan hana Xorg tashi bayan an canza kati. Sauya masa suna ka gwada.

Mataki na shida: monita da kebul

Umarnin `grep . /sys/class/drm/*/status` yana nuna kowace kafa da ko kanel yana ganin an jona mata wani abu. Idan ta ce `disconnected` alhali kebul yana ciki, canza kebul ɗin da kafar kafin komai. Kowace monita tana aiko da ɗan bayanin kanta mai suna EDID, wanda ke ɗauke da girman hoto da saurin da take iyawa, kuma adafta mai rauni ko na'urar raba kebul takan gurɓata shi, sai a ga tsarin ya maƙale a 1024x768. Shirin `edid-decode` yana karanta fayil ɗin `edid` da ke cikin babban fayil na kowace kafa, ya nuna ko bayanin ya iso lafiya.

Wani lokaci iyakar ta kebul ce ko ta kafa. HDMI 1.4 yana kai hoton 4K ne a sau 30 cikin daƙiƙa, sai HDMI 2.0 ake samun 60, don haka linzamin da ke jan ƙafa a babbar monita ba lallai direba ba ne. A laftof kuma, ƙyaftawa ko ɗan tsayawar hoto yakan fito daga dabarar tanadin batir da ke barin allo ya riƙe hoto da kansa. Ana gwada kashe ta da `i915.enable_psr=0` a Intel, ko `amdgpu.dcdebugmask=0x10` a AMD. Idan gwajin ya yi nasara daga GRUB, sai a rubuta shi a `/etc/default/grub` a gudanar da `sudo update-grub`, ko a yi amfani da `grubby` a Fedora.

Akwai abubuwa biyu da ake ɗauka laifin direba ne alhali ba haka ba ne. Rubutun da ya yi dishi-dishi a wasu manhajoji bayan an ƙara girman nuni zuwa kashi 125 ko 150 yawanci na manhajojin X11 ne da ke gudana ta Xwayland, kuma `xlsclients` zai lissafa su. Baƙin hoto lokacin raba allo a taron bidiyo kuwa yana nuna rashin PipeWire, shirin da ke isar da sauti da bidiyo, ko fakitin `xdg-desktop-portal` da ya dace da teburinka.

Mataki na bakwai: kai rahoto inda ya dace

Idan ka tabbatar laifin na manhaja ne kuma sabon fito bai gyara shi ba, fara da tsarin da kake amfani da shi; a Ubuntu, `ubuntu-bug` tare da sunan fakitin yana tattara bayanai da kansa. Mesa da direbobin kanel na AMD da Intel suna karɓar rahoto a gitlab.freedesktop.org, GNOME da KDE suna da nasu wuraren, NVIDIA kuma tana bukatar fayil ɗin da `nvidia-bug-report.sh` ke samarwa. Bincika da ainihin layin kuskuren tukuna, saboda mai yiwuwa wani ya riga ka.

Rahoto mai amfani yana ɗauke da sunan kati da lambobinsa daga `lspci -nn`, lambar kanel da ta Mesa ko ta direba, sabar nunin da kake kai, matakan da ke tayar da matsalar, da cikakken kundin tashin da abin ya faru, ba layuka uku da ka zaɓa ba. Duba kundin ka share sunan asusunka da adireshin intanet kafin ka aika. Masu gyara sukan nemi ka sake tayar da matsalar bayan ƙara `drm.debug=0x1e log_buf_len=4M` a layin kanel don samun ƙarin bayani, kuma ka tuna cire shi daga baya, tunda yana cika kundi da sauri.

Bayanin da ya fi kowanne saurin kawo gyara shi ne lambar fito na ƙarshe da ya yi aiki da na farko da ya lalace. Wanda zai iya gina kanel ko Mesa da kansa yana iya wuce nan da `git bisect`, wanda ke raba canje-canjen da ke tsakanin fito biyun gida biyu a kowane zagaye: ka gina, ka gwada, ka ce masa `good` ko `bad`. Ta haka canje-canje dubu suna bukatar gwaji kusan 10 kafin a kai ga guda ɗayan da ya jawo matsalar, kuma lambar wannan canjin ce za ka liƙa a saman rahotonka.